Almakashi Mai Dakusasshen Baki a Kwanar Ɗangora

Mutanenmu sun fi tsoron a ga ƙafar mace a kan su ga gawarta. Na faɗa, wanda ya ji haushi ya sha ruwa. Ba labari aka ba ni ba, da idona na gani a bakin titi ranar Talatar da ta wuce, kuma a kan ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, autar gidanmu. Ku matan ajinmu na makarantar manya kun dame ni da tambayar yadda abin ya faru, ni kuma na gaji da maimaitawa a waya. Tunda Allah Ya sa an koya mana riƙe biro ko da furfura ta riga ta fito, ga shi nan a rubuce tun daga farko.

Mun tashi da asuba daga Tudun Wadan Zariya, mu uku: ni, da autar, da gwaggonmu ƙanwar mahaifinmu, wadda ba a taro a dangi ba da ita ba. Sunan jikar wani yayanmu za mu, a wani ƙauye da ake shiga ta Kwanar Ɗangora a hanyar Kano. Mai keke ya sauke mu a tashar Kwangila gari bai gama wayewa ba, masu koko da ƙosai suna ta hura wuta. 'Yan kamasho suka yo kanmu kamar mun zo da rabon gado, wannan ya ja jaka, wancan ya ja ƙullin garin kunu. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Gwaggo ta tsaya ciniki har sai da direba ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ko man da zai sha bai fito ba, sannan ta biya tana cewa Allah Ya isa tsakaninta da masu gidan mai.

An cusa mu huɗu a baya, da wata mata mai kaji biyu a kwando. Dukkanmu ukun muna cikin anko, atamfa ja mai duhu, kalar zoɓon da bai ji ruwa ba. Ni da gwaggo mayafi muka yafa. Autar kuwa ta saka sabon hijabinta irin wanda ake yayi yanzu, har ƙasa yana shara, yadinsa mai santsi, in ka ja shi ya miƙe kamar roba, in ka saki ya koma. Tun a tasha take tattare shi kada ya taɓa taɓo.

Hanya ba laifi. Inda aka gama aiki mota gudu take kamar ba ta taɓa ƙasa, inda ba a gama ba a karkatar da ku hannu ɗaya, kuna kallon tirela ido da ido. Ƙarshen damina ne, ko'ina kore, masara ta fitar da gemu, dawa ta fi mutum tsayi. A wajen Tashar Yari rake ne jibge a bakin hanya, da mazarƙwaila a faranti. Na sayi gasasshiyar masara ta taga, rabinta gawayi, amma yunwa ba ta duba fuska. Gwaggo ta yi barci bakinta a buɗe, kajin matar nan suna leƙenta.

A Kwanar Ɗangora muka sauka da hantsi. Wurin ba ya rabo da hayaniya: masu tsire, masu shayi, 'yan tallan dafaffiyar gyaɗa, manyan motoci sun yi layi. Daga nan sai acaɓa, domin hanyar ƙauyen ƙasa ce kuma ruwa ya cinye ta, mota ba ta shiga sai ta shirya kwana. Kowa ta hau nata babur. Mun isa da taɓo har idon sawu.

Suna ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Jaririyar ɓul-ɓul, mai jego ta sha kunun kanwa ta yi fes. An ba mu waina da miyar taushe, daga baya tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, da furar da ta fi duk wadda ake sayarwa a Zariya, nononta ba a yi masa baki da ruwa ba. Mata suka yi ta yaba hijabin autar, ana tambayar inda ta saya. Gwaggo ta raba faɗan da ba a sa ta ba, ta kuma haɗa wani sabo. Kafin la'asar muka yi sallama don mu sami mota da sauran rana.

A komowa gwaggo ce a gaba, autar a tsakiya, ni a baya, saboda haka komai a gabana aka yi. Da muka kusa hawa kwalta ɗan acaɓan autar ya ƙara wuta don ya haye tudun bakin titi. Iska ta ɗaga jelar hijabin, tayar baya ta cafke ta. Ban ji ihu ba. Sai na ga kan autar ya fizgu baya, ta faɗo, babur ɗin ya kwanta a kan ƙafarta ya ja ta a ƙasa kaɗan sannan ya mutu.

Da na iso gare ta tana kwance rigingine, hijabin ya naɗe cikin ƙarafan taya har ya ƙare, abin da ya rage ya shaƙe mata wuya da kafaɗa. Numfashi take ja da ƙyar, da wani sauti kamar ana jan guga a busasshiyar rijiya. Idonta a buɗe, tana kallona.

Jama'a suka taru nan take. Aka ɗage babur daga kan ƙafar, amma ba a iya matsar da shi ba tunda wuyanta a ɗaure yake da shi. To ga abin da na ce ku lura. Zaninta ya ɗan yaye har gwiwa. Abu na farko da hannun mutum ya yi mata a wurin nan shi ne, wata mai tallan gyaɗa ta cire mayafinta ta rufe ƙafar. Wata ta ƙara nata. Gwaggo ta dawo da gudu tana salati, ita ma ta kwance zanin da ta ɗora a kan anko ta lulluɓa. Maza suka ja baya suna kau da kai. Wani dattijo mai carbi ya tsaya yana ba da umarni: kada wanda ya cire mata hijabi a gaban maza, matar aure ce.

Ɗan acaɓan ya kama taya yana juya ta baya wai ya warware. Duk juyi ɗaya sai wuyan ya ƙara matsewa, sai da na buge masa hannu. Wani ya kawo reza daga shago. Yadin nan reza ba ta kama shi, sai ya miƙe ya zille, ga shi kuma ya lafe da fata, ba inda za ka sa kaifi ba ka sa a maƙogwaro ba. Na gwada ta wajen taya, ina yanka zare-zare kamar mai tsefe kai. Sai ga mai tsire da wuƙarsa, yana cewa a matsa masa.

Na ce, “Malam, rago ka gani a kwance?”

Ya ce, “Hajiya, taimako zan yi.”

Na ce, “Na sani. Tsaya can da taimakonka.”

Ana cikin haka wata farar motar asibiti ta taho daga wajen Kano. Daga baya na ji cewa mara lafiya suka kai, suna komawa Zariya ba kowa a ciki. Taron ne ya sa suka tsaya. Wani mutum ya sauko, ba yaro ba, gemunsa da furfura, yana zura safar hannu yana tafe. Bai tambayi wa ke da laifi ba. Ya durƙusa ta wajen kanta, ya ce wa direbansa ya riƙe kan kada ya motsa, ya zaro wani almakashi daga ƙugunsa, ɗaure da igiya kamar makullin shago. Ya zura bakinsa tsakanin hijabin da fatar wuyanta, wurin da ni ko yatsa ban iya sawa ba. Ƙarat, ƙarat, ƙarat. Hijabin ya rabu gida biyu. Igiyar jakarta ta fata ma ta sarƙe a ciki, ya haɗa da ita ya datse. Autar ta ja numfashi ta yi tari, aka hau kabbara.

Ya bar mata abin da ya rufe gashinta, bai taɓa ba. Yana duba idonta, yana tambayarta sunanta, sai ya tsaya ya kalli ƙasa kusa da gwiwarsa.

“Wannan jinin daga ina?”

Ba wanda ya ga jini sai a lokacin. Ƙasar da ke ƙarƙashinta ta jiƙe ta yi baƙi. Ankon kalar zoɓo ne, ya sha jini bai nuna ba, ga mayafai an jibga a kai. Duk tsawon lokacin nan muna gardamar wuya da hijabi, ita tana tsiyaya ta ƙasa, mu kuma muna ƙara mata rufi.

Ya kai hannu zai ɗaga mayafan, dattijon nan ya ce, “Malam likita, a yi hattara, matar mutane ce.”

Ya ce, “Na ji, Baba. A ba ni mata su kewaye mu da zani.”

Mata suka zagaye, kowa ta kama bakin mayafi, aka yi katanga. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai gwaggo ta zauna daɓas ta danne gefen zanin da hannu biyu, tana kuka, tana cewa namiji ba zai buɗe 'yar ɗan'uwanta a titi ba tana raye, me za ta gaya wa mijin yarinyar. Leɓen autar ya fara yin fari.

Mutumin bai yi musu da ita ba. Ya juyo gare ni. “Ke 'yar'uwarta ce?”

“Yayarta ce.”

Ya kwance igiyar ya miƙo mini almakashin. “Riƙe. Wannan bakin na ƙasa mai faɗi shi ke bin jiki. Ki fara daga ƙasan zani ki bi gefe ki hau sama. Kada ki ja, kada ki ɗaga ƙafar. Inda kika ga ciwo ki tsaya.”

Na ce, “Tsoro nake ji, zan yanke ta.”

Ya ce, “Ko kin yi niyya ba zai yarda ba. Yanka.”

Na yanka. Zani ninki biyu, da siket na ciki, da gajeren wando a ƙarƙashi, duk a jiƙe sun manne. Na ji bakin ƙarfen yana zamewa a kan fatarta kamar bayan cokali, yana ɗaga tufa yana ba wa kaifi. Almakashin bai kauce ba. Sama da gwiwa kaɗan, ta gefen waje, na tarar da shi: ƙarfen da ake taka ƙafa ya karye ya farke cinyar, jini na bulbulowa ba tsayawa. Na faɗa masa.

Ya ce, “Yanzu kam sai na gani da idona, Hajiya.”

Na dubi gwaggo na ce, “Gwaggo, ɗaga hannunki. In mijinta ya tambaya ki ce ni ce.” Ta ɗaga.

Abin da ya buɗe bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, sauran jikinta duk a rufe. Ya cusa auduga mai yawa a ciwon, ya sa na danne da duk ƙarfina, ya ɗaure saman cinyar da wani maɗauri yana murɗawa har autar ta yi ƙara. Jinin ya tsaya. Suka sa mata abin tallafe wuya, suka ɗora ta a gadon ɗauka. Dattijon nan ya matso yana sa albarka, yana cewa ai dama haka ya kamata a yi. Mai tallan gyaɗa ta karɓi mayafinta da jini a jiki, ta ƙi karɓar komai a hannuna.

Cikin motar muka komo, ni a baya tare da su, gwaggo a gaba kusa da direba. An rataya ledar ruwa a hannun autar. Raken Tashar Yari da muka wuce da safe yana nan inda yake, ban ga mai saye ba. Mutumin ya goge almakashin da magani, na ce ya ba ni in duba da kyau, tunda ɗazu ban ga komai ba sai jini.

Abu ne da in kin gan shi a tire ba za ki ɗauka ba. Bakinsa gajere, bai kai na tela ba. A tsakiya ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu, shi ya sa in bakin yana kwance a jikin mutum, hannun mai yanka yana sama, bai danne mara lafiya ba, bai kuma tare wa kansa gani ba. Bakin ƙasa ya fi na sama tsayi kaɗan, ƙarshensa a dakushe, mai faɗi, an ɗan murza shi ya yi sumul. Shi ke shiga ƙarƙashin tufa. A jikin kaifin akwai ƙananan haƙora kamar na zarto, su ke riƙe yadi mai santsi kada ya zille yadda ya yi wa reza. Mariƙin roba ne, zobe ɗaya babba yana ɗaukar yatsu uku, ko da safar hannu, ko hannun ya jiƙe.

Na ce, “Me da me yake ci?”

Ya ce, “Bel, takalmi, wandon kanti, ɗamarar mota, rigar sanyi. Na taɓa yanke guru da layu a ƙugun wani, ya farfaɗo ya fi jin zafin layun da karayar.”

“Ba ya dakushewa?”

“Yana yi. In ya fara tauna tufa maimakon yanka, sai a canza. Shi ya sa ba na ara wa kowa. Abokan aiki su ɗauka su yanke kwali, su buɗe ledar biredi, ranar da kake nema ya zama ƙarfen banza.”

Na tambaye shi me ya sa ba a cire tufa kawai a huta. Ya ce cirewa sai an ɗaga hannu, an juya wuya, an lanƙwasa ƙafa, kuma wanda ya faɗo daga babur ba ka san abin da ya karye a ciki ba. Ya ce kuma in ka tuɓe mutum ka tuɓe shi duka, in ka yanka kuwa taga kawai ka buɗe. Daga nan ya koma duba bugun hannunta.

Wajen shiga Zariya autar ta buɗe ido ta ce, “Yaya, hijabin nan fa yau na fara sa shi.”

Na ce, “Kuma yau kika gama.”

Ta so ta yi dariya, wuyan ya hana.

Mun isa asibiti ana kiran magariba. Aka shiga da ita, aka ɗinke jijiyar da ta fashe, aka ƙara mata jini, jinina aka ɗiba. Hoton wuya bai nuna karaya ba, sai shatar yadin da ta kwanta mata kamar sarƙa. Likitar da ta fito ta ce da an ƙara jinkiri da wani zancen ake yi. Mutumin motar ban sake ganinsa ba. An ce an sake kiransu tun kafin mu gama biyan kati. Ko sunansa ban tambaya ba.

Mijinta ya iso daga wajen aiki, mutum mai karatu, jikan malamai, ba ya ɗaga murya. Ya gaishe ni da ladabi, ya yi hamdala, ya shiga ya gan ta ya fito. Aka miƙa masa ledar kayanta. Ya zaro zanin ya ga tsagar tun daga ƙasa har sama, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Yaya, a titi aka yi wannan?”

Na ce, “A titi.”

“Da maza a wurin?”

“Cike. Ni na yanka da hannuna. Da ban yanka ba, Malam, da yanzu wani yadin ake yanka mata, fari, kuma shi ba a tambayar wa ya gani.”

Ya mayar da zanin cikin leda ya ƙulle. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Gwaggo ta ce ita za ta kwana da ita. Na hau keke na koma Tudun Wada da ankona ya bushe ya yi tauri kamar fata, mai keken yana ta satar kallona ta madubi.

Abin da tafiyar nan ta nuna mini ba shi da yawa. A wurin nan ba mugu ko ɗaya. Mai reza, mai wuƙa, mai mayafi, gwaggo, duk so suke ta rayu. Amma kowa abin da ya saba ya kawo, kuma abin da muka saba shi ne rufewa. Mun iya suturta mace, ba mu iya duba ta ba. Sutura ba ta hana ceto, mata sun kewaye da zani an yi aiki ba wanda ya ga abin da bai kamata ba. Abin da ya ɓace mana shi ne abin yanka da ba ya cuta, da hannun mace da zai riƙe shi a lokacin da aka hana namiji. Ranar nan sa'a ce ta kawo motar. Ba kullum take wucewa ba, acaɓa kuwa kullum muna kai, da hijabai har ƙasa. Ku dinga tattare su ku zauna a kai.

Washegari da safe, bayan na kai musu kunu asibiti, na bi shagunan masu sayar da kayan asibiti. Wani ya miƙo mini almakashin tela, wani na yankan farce. Can na sami wani shago da mai shi ya gane tun kafin in gama kwatance, ya jawo shi daga kwali. Kuɗinsa bai kai na ɗinkin ankon ba. Ya ce mai kyau ne, ba ya cizo.

Na ce, “Ba a sayen wannan da baki.”

Na ware mayafi, na zura dakusasshen bakin a ƙarƙashin hannun rigar da ke jikina, na yanka tun daga wuyan hannu har gwiwa. Mai shagon ya saki baki. Na duba fatar, ko ƙwarzane babu.

Na ce ya ba ni biyu, ɗaya na jakata, ɗaya na aji. Ranar Asabar kowa ta zo da tsohon zanin da ba ta so.